Turanci Mai Riwaya Biyu

Wautar da na tafka ƙarama ce, kuma da bakina na tafka ta: na kai ƙarar malamin Turancinmu gida. Da wurin Inna na kai, da ta ce "Allah ya kyauta" ta ci gaba da yankan albasa, magana ta mutu a nan. Amma ni sarkin wayo sai da na jira aka ajiye tiren abincin rana, babana da kakana suka wanke hannu, sannan na zaro takardar jarrabawata daga aljihu na shimfiɗa ta a gefen kwanon miya, na karkata kai ina jiran a tausaya mini.

Sai an san abin da nake tsoron rasawa kafin a gane girman wautar.

Mu dukawa ne. A kasuwar Umdurman muke da shago, muna ɗinka markub, takalmin fatar nan da maza ke sawa da jallabiya. Kakan kakana ne ya taso daga yamma da niyyar aikin hajji, ya tsaya a nan don ya ɗan huta, har yau zuriyarsa hutun take yi. Dokar gidanmu ɗaya ce: yaro ya dawo daga makaranta, ya ci abinci, ya wuce shago. A can zai zauna a kan ɗan benci da basilla a hannu, warin gam yana shiga ta hancinsa yana fita ta kunne, har a kira magariba. Yayyena biyu haka suka tashi. Yanzu ko sabulu guda suka ƙarar a wanka, awaki na bin su a titi suna zaton dangi ne.

Ni kaɗai na tsira. Turawa kan shigo kasuwa su ɗauki takalmi su yi ta magana, babana kuma ya yi ta murmushi yana ɗaga musu yatsu. Da ya gaji sai ya ce a sa ɗaya daga cikin yaran nan ya koyo yaren. Aka sa ni a wani ma'ahad a Khartum, makarantar Turanci ta yamma, a saman bene kusa da babbar tasha. Sau uku a mako nakan goge riga, in shafa turaren yayana ba tare da saninsa ba, in hau hafila, wato bas, in ƙetare gadar Farin Nilu. In na sauka da wuri sai mu sha ruwan mangwaro mai ƙanƙara da abokaina, mu tsaya muna kallon 'yan jami'a kamar mu ma gobe za a kira mu. A ajin akwai fanka. Akwai 'yan mata da ke dariya in na yi shaƙiyanci. Babu wanda ya san hannuna ya taɓa riƙe basilla. Waɗannan yammacin su ne duk abin da na mallaka a duniya.

Malaminmu, wanda kowa ke kira Ustaz, tsoho ne dogo siriri, yana ɗaure wuyansa da igiyar nan ta Turawa ko da rana ta kai ta soya ƙwai a kan rufin mota. Jan biro yake sawa a aljihun gaba kamar wuƙar mahauci. Turancina kuwa rabi daga bakinsa na samo, rabi daga waya, inda nake kallon masu sharhin ƙwallo da masu gyaran mota da wasu samari da ke cin barkono suna ihu. Ban san abincin gida biyu nake ci ba sai ranar da na rubuta color. Ustaz ya kewaye ta da ja, ya dasa mata u a tsakiya, ƙatuwa kamar bokiti. Na ce to. Na koma gida na rubuta wa abokina colour a waya, sai wayar ta ja mata jan layi a ƙasa. Na cire u, waya ta huce. Na kai wa Ustaz, ya harzuƙa. Haka center da centre, haka gray da grey. In na juya dama ja, in na juya hagu ja.

Abin bai tsaya a rubutu ba. Na ce elevator, ya ce lift. Ni da ban taɓa shiga abin nan ba tunda aka haife ni, benen ma'ahad ɗin ma da ƙafa muke hawa, sai ga shi an ɗora mini sunayensa biyu in riƙe masa. Na ce fall, ya ce autumn, wai lokacin da ganye ke zuba daga itatuwa. Na leƙa ta taga. Itacen dogon yaro ɗaya ne a duk titin, shi ma ba shi da niyyar zubar da komai.

Takardar da na shimfiɗa a gefen miya ke nan, ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Babana ba ya karanta Turanci, amma ja yana karanta shi da kowane yare.

"Wannan jinin duk naka ne?" in ji shi.

"Zalunci ne, Baba. Wallahi daidai na rubuta."

"To malamin ne bai iya ba."

"A'a, ya iya. Shi ma daidai ya rubuta."

Ya mai da lomar da ya ɗauka cikin kwano.

"Kai daidai, shi daidai."

"E."

"Kuma ba abu ɗaya kuka rubuta ba."

"Ai akwai na Ingila, akwai na Amurka, shi ne..."

"Ya walad, kai yaro, ni za ka mayar mahaukaci? Mutum ya zo ya ce ƙafarsa arba'in da biyu, in miƙa masa arba'in, in ce masa duka daidai ne?"

Ƙanwata, da ke kawo ruwa, ta ce, "Baba, ka yi masa uzuri. Ilimin ne ya yi masa zafi, shi ya sa kullum sai ya tsaya shan mangwaro a tasha." Ban san wa ya gaya mata ba. Yarinyar nan tana da kunne a kowace unguwa ta ƙasar nan.

Babana ya ture takardar da bayan hannu. "Yaren da masu shi ba su gama shawara a kansa ba, ni ba zan riƙa biya ana koya wa ɗana ba. In sun daidaita su aiko mana. Wata na ƙarewa ka dawo shago. Kalas, magana ta ƙare."

Kakana ko a jikinsa. Kashi yake tsotsa, kamar ba a gabansa aka yanke wa jikansa hukunci ba.

Na fara neman ceto. Bayan darasi na gaba na tsaya har kowa ya fita, na roƙi Ustaz ya gaya wa babana, ko da ta waya, cewa duka biyun daidai ne. Ya dube ni daga can sama inda kansa yake.

"Ɗana, akwai Turanci. Sannan akwai abin da Amurkawa suka yi masa a hanya."

"Amma Ustaz, a ƙamus an rubuta duka biyun."

"A ƙamus an rubuta sunayen cututtuka ma. Ba cewa aka yi ka je ka kamu da su ba."

Na nuna wa babana ƙamus ɗin a waya, ga kalmar nan da u, ga ta babu u, kusa da juna kamar tagwaye. Ya ce tunda waya ce ta ce na yi daidai, wayar ta biya mini kuɗin makarantar. A shago yayyena suka goge wani benci suka ajiye shi a tsakiya, suka hana kowa zama, wai na Mista Duka-Daidai ne. Da na je kwanciyar rana na tarar da basilla a kan matashina. Ban tambayi wa ya ajiye ta ba. Mai ajiyewar, ƙanwata, tana bakin ƙofa tana cin gyaɗa tana kallon sama.

Abin da ya fi cin raina shi ne gaskiya nake faɗa. Na sha yin ƙarya a gidan nan aka yarda. Na taɓa cewa kare ne ya cinye kuɗin burodi, Inna ta yarda har ta zagi karen. Rana ɗaya tak da na zo da gaskiya tsirararta, kowa ya ce ƙarya ce.

Dabarar ta faɗo mini wata Juma'a da hantsi. Kakana yana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida yana tilawa. Shi da riwayar mutanen yamma yake karantawa, wadda kakanninmu suka taho da ita a ka. Limamin unguwarmu kuwa, saurayi ɗan jami'a, da wata riwayar yake ja mana sallah. Inda wannan ya ja, wancan ya taƙaita. Tun ina ƙarami nake jin bambancin ban taɓa sa shi a rai ba. Ranar na tsaya da buta a hannu, na ji kamar an kunna mini fitila a cikin ƙwaƙwalwa.

Na jira ya rufe mus'hafi, na je na tsuguna a gabansa.

"Kaka, tambaya gare ni."

"In kuɗi ne babu. In matata kake so kuma, abokina, ta fi ƙarfinka."

"Karatunka da na liman, wanne ne daidai?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ji ɗan nema. Duka daidai ne mana. Riwaya ce ta bambanta. Shi ya karɓa daga malamansa, ni na karɓa daga nawa, kowa da hanyar da ta kawo masa."

"To Turanci ma haka yake. Riwaya biyu gare shi, ta Ingila da ta Amurka."

"Kul! Kada ka haɗa mini maganar Allah da yaren masu gajeren wando."

"Ban haɗa ba, Kaka. Misali ne kawai, don a gane."

Ya kama gemu yana shafawa. Na ga abin yana shiga a hankali.

"Wato harafin nan da malaminka ke cusa maka da jan alƙalami, a wata riwaya akwai shi, a wata babu."

"Sak."

"Kuma kowace da mutanenta."

"Ƙasa guda, Kaka. Miliyoyi."

Ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Zo nan." Shi kaɗai ne a duniya ke kiran babana kai. Babana ya fito yana gyara hula, ya durƙusa kusa da ni, muka zama tsawo ɗaya.

"Ka zalunci yaron nan," in ji kakana. "Bai yi maka ƙarya ba. Yaren nasu riwaya biyu gare shi. Don kai ba ka san ɗaya ba, ba za ka ce babu ta ba."

Babana ya ce, "To, Baba."

Ban taɓa jin kalmomi biyu masu daɗin waɗannan ba. A raina har na riga na goge riga, na hau hafila, na kai tsakiyar gada. Da na san ciwon kaina da a nan na tashi na ce zan je in cika buta. Amma na zauna ina murmushi, ina jiran ƙarin yabo.

"To abokina," in ji kakana, "kai wacce kake karantawa?"

"Duka biyu," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

"A jere? Ka sauke ɗaya, sannan ka fara ɗayar?"

"A'a, a haɗe. Wadda ta riga zuwa bakina."

Ya cire tabarau gaba ɗaya.

"Ka fara layi da Ingila ka ƙarasa shi da Amurka?"

"Wani lokaci."

"Innalillahi. Ashe malamin nan mai haƙuri ne da ya tsaya a jan alƙalami. Wa ya taɓa cakuɗa riwaya kamar fate? To ta Ingilan daga malaminka ka karɓa. Ta Amurkan fa, daga wa?"

"Daga waya."

"Ita wayar daga wa ta karɓa?"

"Daga... mutane."

"Su wa? 'Ya'yan wa? Sun taɓa zama a gaban malami?"

Na tuna samarin nan masu cin barkono suna ihu, hawaye na zubo musu.

"Ilimi ko na ɗinkin takalmi ne sai da salsala," in ji shi. "Ni daga ubana na koya, shi daga nasa uban, in ka so in lissafa maka su har ƙasar da muka fito. Ba a tsintar ilimi a titi. Shi malamin naka daga wa ya karɓa?"

"Ban sani ba."

"Ka yi wata da watanni a gaban mutum ba ka san rijiyar da ya ɗebo ba?" Ya juya ga babana. "Zan je in gan shi da kaina. In yana da salsala, yaro ya ci gaba da karatu. In ba shi da ita, bencinsa na nan."

Babana ya sake cewa, "To, Baba," amma wannan karon na ga yana ɓoye murmushi.

Kakana ba ya zuwa wurin malami hannu rabbana. Ya tambaye ni ƙafar Ustaz nawa ce. Na ce ina zan sani? Ya ce in je in duba, ai ɗan dukawa ne ni. Darasi na gaba kaf a ƙasa idona yake. Ustaz ya matsa dama na bi ƙafarsa, ya matsa hagu na bi ta. Har ya tsaya ya ce, "Kai, me ka jefar a ƙasa?" Na ce biro. Ya ce biron da ke hannuna fa? Aji ya fashe da dariya, ba irin dariyar da nake so ba. Na dawo gida na faɗi lamba, kakana ya zaɓi fata mafi laushi a shagon, ya ɗinka da hannunsa, abin da rabon da ya yi wa wani tun kafin idonsa ya fara rauni.

Ranar tafiya ya sa jallabiyar Idi, ya naɗa rawanin da ya kai girman kwandon tumatir, ya ɗauki sanda. Rabonsa da Khartum shekaru ne. Yakan ce babu komai a can sai takarda da mutane masu sauri. Muna shiga hafila, kafin yaron mota ya zo karɓar kuɗi, ya riga ya gaya wa na kusa da shi cewa jikansa ya cakuɗa riwayar Turawa, za a kai shi a warware. Muka maƙale a kan gada, cunkoso har inda ido ya tsaya, maganar kuma ta zagaye motar. Wani mai jakar ofis ya ce na Ingila ne asali, sauran duk kwaikwayo. Wani ɗalibi daga baya ya ce Ingila ta tsufa, duniya yanzu da bakin Amurka take magana. Direba ya ce shi Turancin da ya sani na jikin mota ne, kuma bai taɓa ba shi matsala ba. Wata mata ta ce ita dai don girman Allah a buɗe taga. Ni na manna goshi da gilashi ina kallon kogi, ina lissafin ko zan iya iyo zuwa gida.

Muka hau benen, yana tsayawa a kowane hawa yana salati. An riga an fara darasi. A bakin ƙofar aji ya tuɓe takalmansa ya jera su, ya rangaɗa sallamar da aka ji har tasha. Duk ajin ya juyo. Na roƙi Allah a zuciyata fankar nan ta tsinko ta faɗo mini a ka.

Ustaz ya miƙe da sauri ya jawo masa kujerarsa. Kakana ya ce ba zai zauna a kujerar malami ba, Ustaz ya rantse sai ya zauna, suka yi ta ja kamar za su karya ta, daga ƙarshe kowa ya zauna a kujerar ɗalibi. Kakana ya warware ƙunshin da ya riƙo ya ajiye markub a gabansa, ya ce da Larabci, "Aikin gidanmu ne. Yaron nan ne ya auna ƙafarka da ido."

Yarinyar da ke gabana, wadda na yi wata biyu ina gaya mata babana ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya, ta juyo ta ce a hankali, "Kai ma kana ɗinkawa?" Na ce mata ban san tsohon ba.

Ustaz ya cire takalminsa ya zura ƙafa. Ya shiga cif. Wannan ma ya ba ni haushi.

"Ustaz," in ji kakana, "tambaya ɗaya ta kawo ni, kada ka ɗauke ta raini. Wannan yare da kake koya wa yaran nan, daga wa ka karɓe shi?"

Na runtse ido ina jiran Ustaz ya ce wace irin tambaya ce wannan. Da na buɗe ido na ga ya cire tabarau yana gogewa da igiyar wuyansa. Ya ce tunda ya fara koyarwa babu wanda ya taɓa tambayarsa haka. Iyaye sukan tambayi kuɗi ne da takardar shaida. Sannan ya fara. Ya ce daga wani malami ya karɓa a makarantar kwana, mutumin arewacin ƙasar nan, wanda ke sa su karanta shafi guda a tsaye har sai kowane harafi ya fita. Shi kuma wancan daga wani Bature ya karɓa, mai keke, da ya koyar a makarantar tun kafin a haifi Ustaz. Ya faɗi garinsu, ya faɗi yadda yake riƙe alli. Mu da muke zaton daga cikin ƙamus aka haifo shi, muka saki baki.

"Shi Baturen fa," in ji kakana, "daga wa?"

Ustaz ya ɗan yi tunani. "Daga uwarsa, ya Hajj."

"Madalla! Salsala ta kai gida."

Na sauke numfashi. Na ce shi ke nan, na tsira.

"To ita ta Amurkan," kakana ya ci gaba, "riwaya ce, ko ɓarna ce?"

Ustaz ya gyara zama, ya kalli sabon takalminsa. "Gaskiya riwaya ce, ya Hajj. Tana da mutanenta, tana da littattafanta. Ni dai ba ita na karɓa ba, ba kuma zan ba da abin da ba a ba ni ba."

Na kusa faɗowa daga kujera. Maganar da na roƙe shi kamar zan yi kuka ya faɗa, ya ce mini cuta ce, ga shi ya zubo ta cikin daƙiƙa ɗaya saboda takalmi da rawani. Na ɗaga hannu in tuna masa. Kakana ya sauke mini hannun da sandarsa ba tare da ya ko dube ni ba.

Daga nan ne ya juya ya ƙare wa ajin kallo, daga layin gaba har na bango, inda wasu biyu ke wasa da waya a ƙarƙashin tebur.

"Duk waɗannan a lokaci ɗaya kake ba su?"

"Haka tsarin yake, ya Hajj."

"To wa ke jin bakin wa? Yaro yana can baya, fanka na kuka, mota na kuka a titi. Ba dole ya je ya cike gurbi da waya ba? Riwaya gwiwa da gwiwa ake karɓarta. Ustaz, a ina kake zaune?"

"A Umdurman. Bayan kasuwa kaɗan."

"Bayan kasuwa! Kana maƙwabcinmu kake ƙetaro gadar nan kullum?"

Ustaz ya dafa gwiwarsa ya ce kada ma a tuna masa, gadar nan da benen nan su za su kai shi kabari. Kakana ya ce shi ma tasa gwiwar haka take, ya tambaye shi me yake shafawa. Suka shiga maganar man shafawa. Ajin gaba ɗaya ya zauna yana sauraron tsofaffi biyu suna kwatanta ciwo, ni kuwa na fara tsarguwa, don na san muryar kakana in ya hango ciniki.

"Bayan shagonmu akwai inuwa," in ji shi. "Akwai kujera mai kyau, akwai kofi da citta. Ranakun da ba ka da aji a nan, ka tako da ƙafarka ka zo, ka ba yaron nan shi kaɗai. Abin da ubansa ke kawowa nan ya miƙa maka a hannu."

"Kaka," na ce da Hausa, don kada a ji, "ai nan ɗin ma ina ganewa. Wallahi ina ganewa. Zan dawo layin gaba. Zan bar Amurka har abada."

"Yi shiru, abokina, manya na magana. Kai da za a kawo maka malami har gida kamar ɗan sarki?"

Ustaz ya ce zai yi tunani. Bai yi wani tunani ba, don tun kafin mu kai ƙofa ya tambayi ta wace kwana ake shiga layin dukawa.

A hanyar dawowa na sake manna goshi da gilashi. Kakana kuwa sai fara'a yake, yana gaya wa sabbin fasinjoji cewa ya samo wa jikansa malami mai salsala har Ingila. Da muka isa gida ya ba babana labari tun daga farko. Babana ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan shawara ta yi, ga kuɗin mota ma ya huta. Ƙanwata ta tambaya ko zan ba ta turaren da nake shafawa tunda na gama da shi, a gaban yayana mai turaren.

Na gwada ta kowace hanya. Na ce wa Inna warin gam yana hana Turanci zama a kai, ta ce in riƙa toshe hanci. Na ce wa babana a ma'ahad ana ba da takardar shaida, ya ce takardar da za a rubuta da wace riwaya? Na koma wurin kakana na ce ai shi ya ce in malam yana da salsala zan ci gaba da karatu. Ya ce ƙwarai, ga shi kuwa zan ci gaba, shi bai taɓa ambaton Khartum ba. Na yi ta juya maganar a kaina, na tarar bai ambata ɗin ba.

Yanzu Ustaz yakan iso bayan la'asar, cikin markub ɗinsa da igiyar wuyansa. Kakana yakan riga shi zuwa ya sa a dafa kofi. Ana ba ni shafi in karanta da ƙarfi, a gyara mini kalma biyu ko uku, daga nan su juya ga juna su shiga labarin yadda kasuwa take a da da wanda ya mutu bana. In na ce a ci gaba, sai a ce in maimaita shafin. Babana ya lura cewa da kunne da baki ake karatu, hannu ba ya yin komai, don haka littafi yana kan gwiwa ɗaya, takalmi yana kan ɗayar. Turancin waya an hana ni sai na sauke riwayar Ingila. Na tambayi Ustaz yaushe ake sauke ta. Ya ce shi ma bai sauke ba tukuna.

Da watan ya ƙare aka cire sunana daga ma'ahad, ban sake hawa benen nan ba.